Kwana Tara na Kawu Yefim

Ranar Talata da safe na sauka bakin tafki da bokiti biyu, zan ɗebo ruwa a ramin da muke fasawa cikin ƙanƙara. A nan na ga sawun. Layi biyu na amalanken ja, irin marar tayan nan, da sawun takalmin Kawu Yefim a tsakaninsu, sun miƙe sun nufi tsibiri. Kowane taku ya cika da ruwa. Ƙanƙarar da take fara tas ranar da na iso ta koma launin toka, can gaba ma har da baƙi-baƙi kamar tabon ƙuna. Ban san lokacin da na saki bokitan ba.

Na hau gangaren da gudu. Inna Zina, matar kawun nawa, tana cuɗa ƙullin burodi.

"Inna, ina Kawu?"

"Ya tafi toshe ramukansa. Tun kafin in hura murhu ya fita. Ke kuma ina bokitan?"

"Ba gobe ya ce zai je ba?"

"Rediyo ta ce zafi na tafe, shi ne ya ce ba zai jira ba." Ta ɗago ta dube ni. "Me ya same ki, Tasya? Yau kwana biyar ne kacal. Saura huɗu."

Duk wanda ka tambaya a ƙauyenmu haka zai ce maka. Daga ranar da bishiyar biryoza ta ƙofar gida ta fara ɗigar da ruwan jikinta, ƙanƙarar tafki za ta ɗauki doki kwana uku, ta ɗauki mutum kwana tara. Kakanninmu da wannan lissafin suka ƙetare, iyayenmu ma haka. A duk ƙauyen ni kaɗai na san lissafin ya daina aiki, kuma ban faɗa ba.

Kawu Yefim yayan mahaifiyata ne. Ina shekara shida ta kawo ni gidansa, ta wuce birni aikin masaƙa. Su ba su taɓa haihuwa ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ya rasa yatsa ɗaya a hannunsa na hagu, kuma ba ya iya tafiya a daji ba tare da ya shafa farin ɓawon kowace biryoza da ya wuce ba, kamar mai gaida jama'a a wurin biki. Bana ya cika sittin da tara.

Yana shekara goma sha bakwai aka ɗauke shi aikin daji. A lokacin biryoza ciyawa ce a idon manya. Itatuwa masu ganyen allura ake so don masana'antar takarda, ita kuwa ko an sare ta ba ta da amfani gare su, don gungumenta nutsewa yake in an jefa shi kogi a kai ƙasa. Sai aka ba samari ƙananan gatura aka ce su yi mata zobe: a sassaƙe ɓawon a kewaye jikinta, faɗin tafin hannu, a bar ta a tsaye. Ba ta faɗuwa. Shekarar farko ta yi ganye ƙanana, ta biyu ta bushe. Kawu ya ce ya yi bazara huɗu yana wannan aiki, har ya zama shi ne gwanin rukuninsu, aka ba shi agogo.

Wata shekara aka tura shi tsibiri shi kaɗai, aka ba shi kwana uku ya gama da na can. Lokacin zubar ruwa ne. Ya ce sara ɗaya ya yi wa bishiyar farko, ruwan ya tsiyayo ya bi gatarin ya jiƙa masa hannu har gwiwa, mai sanyi, mai ɗan zaƙi. Ya zauna a gindinta. Kwana ukun nan kifi ya kama ta ramin ƙanƙara. Da ya dawo ya ce wa shugabansu an gama, babu kuma wanda ya ƙetara ya duba. Shi ya sa duk gaɓar tafkinmu ba ka samun tsohuwar biryoza sai a tsibiri.

Daga baya ya zama mai gadin daji, kuma a nan ya fara rubutu. Littattafan 'yan makaranta yake saye, ɗaya kowace shekara. A shafin hagu kwanan wata: ranar da ruwan bishiya ya fara ɗiga, ranar da ganye ya kai kunnen ɓera, ranar da ƙanƙara ta fara ƙin ɗaukar mutum, ranar da ganye ya yi rawaya. A shafin dama baitoci. Jaridar gunduma ta buga wasu, yana da su a cikin gwangwanin alewa.

Ba ya shiri da marubutan birni. Ya ce duk wanda ya ɗauki alƙalami a ƙasar nan sai ya mai da biryoza budurwa mai farar riga, tana rausaya a bakin hanya tana jiran soja. "Ba su taɓa ganin ta a wurin aiki ba," in ji shi. Ya kai ni inda gobara ta ci ina 'yar shekara tara, ya nuna min. Ko'ina toka, amma 'yan tsirrai sun fito cunkus kamar gashin burushi. Irinta ba shi da nauyi, iska ke jan sa a kan dusar ƙanƙara ya yi nisa. Ita ke fara zuwa. Ganyenta na saurin ruɓewa ya gyara ƙasa mai tsami, inuwarta ta kare 'ya'yan masu allura daga sanyin asuba. Bayan shekara sittin ko saba'in su wuce ta tsawo su tare mata rana. Ko ta mutu ɓawon ba ya ruɓewa, sai ka ga bishiya a tsaye fara sol, ka tura ta da hannu ɗaya ta zube, cikin duk ya zama gari. Baitin da aka fi sani nasa kenan:

Ku ce amarya, ku ce farar riga,
Ni ungozoma na gani a toka.
Inda wuta ta ci, ita ke fara zuwa,
Ta reni ɗan wani, ya girma ya hana ta rana.

Maƙwabcinmu Ignat, masunci, tare suka tashi, bai taɓa barin sa ya huta ba.

"Yefim, na gode da waƙarka ta jaridar makon jiya. Kifi uku ta naɗe, ba ta yage ba."

"Ai dama don irinku nake yi. Ko ba ka karanta ba, hannunka ya taɓa ilimi."

"Kai tsoho, bar shi," Inna Zina za ta ce daga bakin murhu. "Shi aƙalla kifi yake kawowa gida. Kai kuwa ruwa da surutu."

Ruwan bishiyar kuwa tana shan sa fiye da kowa. Kowace bazara Kawu kan ƙetara tsibiri sau biyu. Zuwan farko ya huda bishiya goma sha biyu, rami ɗaya kowace, ya sa 'yar tsinke ya rataya kwalba. Zuwa na biyu ya kwashe kwalaben, ya toshe kowane rami da turken icce da ya fiƙe da hannunsa, ya shafe da kakin zuma. Wannan doka ce a wurinmu: wanda ya huda shi ke toshewa, kuma kafin ruwan ya gurɓace. Ramin da aka bari a buɗe yakan yi ta zuba har ya yi kumfa ja, ruɓa ta shiga. Na taɓa ganin Kawu ya bi wasu baƙi har tashar mota saboda sun bar rami biyu a bayan makabarta.

Saboda shi na karanta kimiyyar daji. Da lokacin rubuta kundin kammalawa ya zo, na roƙe shi littattafansa, arba'in da ɗaya. Ya ɗaure su da igiya ya ce in na ɓatar da ɗaya kada in dawo. Na kwashe duk kwanakin shafin hagu na jera su a tebur guda, abin da shi bai taɓa yi ba. A shekaru ashirin na farko, tsakanin ɗigar ruwa da lalacewar ƙanƙara kwana goma sha ɗaya ne zuwa sha uku. Tara ɗin kakanni da rara a cikinsa. A shekaru goman ƙarshe kuwa bakwai ne, shida, shida, biyar, sau ɗaya ma huɗu. Bishiyar tana farkawa da wuri, amma ƙanƙarar tana rigan ta lalacewa da saurin da ya fi nata. Da hannunsa ya rubuta duka. Sai dai kowace shekara a gefen lambar yakan ƙara: shekarar banza ce. Ya rubuta haka sau bakwai, kowanne a littafi daban.

Na sa wannan a shafi na hamsin da takwas. Malamaina sun yaba. Na gama bara, ban sami aiki a fannina ba, ina sayar da waya a wani kanti a birni. Kunyar haka ta hana ni zuwa gida duk lokacin sanyi. Sai ranar Asabar ɗin nan na zo, da kundin a jaka, an ɗinke shi da koren bango.

Biryozar ƙofar gida ta fara ɗiga ranar Juma'a, don haka Asabar kwana biyu.

Kawu ya wanke hannu kafin ya taɓa kundin. Ya sa tabarau. A shafin farko na sa baitinsa na ungozoma da cikakken sunansa, Yefim Saweliyebic. Ya karanta a hankali, ya sake karantawa, kunnuwansa suka yi ja. Ignat na zaune yana shan shayinmu.

"To, ashe an kai ka jami'a ba ka sani ba. Gobe sai mu fara cire maka hula."

"Rufe min baki." Kawu ya juya shafuka, lambobi da zane-zane, bai tsaya ba. Ya rufe. "To malama, duk wannan kaurin, me kika gano?"

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ruwan bishiya yana fara zuba da wuri fiye da da."

Ignat ya kusa shaƙewa. "Shekara biyar a jami'a! Akuyata ma ta san wannan, kuma ba a biya mata kuɗin ɗaki ba."

Suka yi dariya, har Inna. Ba dariyar mugunta ba ce. Amma ni da na kwana bakwai ina tunanin yadda zan ce musu waya nake sayarwa, sai na ji fuskata ta ɗau zafi. Rabin maganar na hannuna, na haɗiye shi. Na ce a raina ba a gaban Ignat ba. Yaya yarinyar da ya goya za ta ce masa lissafin ubansa ya mutu, a kan teburinsa, da littattafansa? Kawu ya ɗora kundin a kan kanta, kusa da hoton waliyyi, inda ake ajiye abin da ba a taɓawa.

Lahadi ya ƙetara ya huda. Ya dawo da la'asar, ƙafar wandonsa ta dama a jiƙe har gwiwa.

"Kawu, ƙanƙarar nan..."

"Ruwan sama-sama ne. Ƙasan ta nan kamar dutse." Ya ɗaga yatsu uku. "Yau uku, malama. Ko doki zai wuce. Laraba zan koma."

Laraba. Na ce to, ina da Litinin da Talata. Litinin ya wuni a bayan gida yana fiƙe turaku goma sha biyu, yana rera wani sabon baiti da bai zauna ba tukuna. Na fita sau biyu, na tsaya, na riƙe masa kakin zuma. Yana cikin nishaɗi. Na ce gobe da yamma zan sauko da kundin, mu buɗe shafin tare, shi da kansa ya ga rubutunsa, ba sai na ce komai ba. Na ma sa 'yar takarda a shafin.

Ranar Talata, bayan na bar Inna da ƙullinta, gidan Ignat na nufa. Ya fara da wasa, ya ce ko malama ta gano rana daga gabas take fitowa. Da ya ga fuskata ya sa takalmi. A bakin tafki ya soka sandar ƙarfe, sau ɗaya, ta shige kamar cikin dafaffen dankali.

Tsibirin kilomita uku ne. A rana mai haske kana ganin fararen jikin bishiyoyin daga tudun coci, in an hura wuta a 'yar bukkar da ke can kuma kana ganin hayaƙi. Kafin mu hau tudun hazo ya taso daga kan ƙanƙarar, irin na iska mai ɗumi, ya rufe komai. Ba ka ganin ko turakun ɗaure kwale-kwale.

Ignat da wasu maza biyu suka tura kwale-kwale mai shimfiɗaɗɗen gindi a kan ƙanƙara, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Wannan shi ne mugun lokaci a wurinmu: ta yi taushin da ba za ta ɗauki ƙafa ba, ta yi taurin da jirgi ba zai ratsa ba. Awa biyu suka yi. Suka dawo Ignat a jiƙe har ƙirji, haƙoransa na haɗuwa.

"Mun bi sawun," ya ce, Inna na cire masa riga. "Ya kauce dama, ya zagaye baƙin wurin nan na mashigi. Ai ba yaro ba ne. Daga nan ruwa ya kwanta a sama, sawu ya ɓace."

"Ka ga rami?"

"Ban ga rami ba, Zina."

"To."

"Ban ga komai ba ne. Ko bakin jirgin ba na gani."

Na buga wa masu aikin ceto na gunduma. Mutumin ya yi magana da ladabi. Jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi cikin wannan hazo. Suna da jirgin da ke tafiya kan ƙanƙara da ruwa, amma a mota ake kawo shi, ruwan narkewa kuma ya cinye hanya a wuri biyu tun ranar Litinin. Ya tambaye ni ko Kawu yana da waya. Wayar da na kawo masa tana cikin aljihun tebur, a kwalinta.

Inna Zina ba ta yi kuka ba. Ta gasa burodinta. Ta ce wa duk matar da ta shigo, a bukkar akwai murhu da ashana da busasshen kifi da gishiri. Ta ce shekarar da suka yi aure ma haka Kawu ya maƙale a can kwana goma sha ɗaya, ya dawo da ƙiba da waƙa ashirin, ita kuwa ta rame. "Yana can yana shan ruwan bishiya yana yi mana dariya, tsohon banza." Sai ta fita ta tsaya a ƙofa tana kallon inda babu abin gani.

Laraba da hantsi ta same ni a ɗaki da kundin a buɗe a cinyata. Tun safe nake kallon shafin nan.

"Me ke ciki da kike ta kallo?"

Na rufe shafin da tafin hannuna.

"Karanta min."

Na fara karantawa yadda na rubuta, da kalmomin makaranta.

"Ke, da bakin mutane."

"Kwana taran ba ya kaiwa yanzu, Inna. Ya fi shekara goma. Biyar ne, ko shida. Sau ɗaya huɗu."

"Wa ya ce?"

"Shi. Littattafansa."

Ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana goge hannunta da gefen zani, alhali babu komai a hannun.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun bara."

"Ranar Asabar da ya tambaye ki?"

"Na sani."

"Lahadi da ya dawo a jiƙe?"

Na gyaɗa kai.

"Da kin faɗa masa Litinin, da ba zai ji ba," ta ce. "Rami goma sha biyu ya bari a buɗe. Ko Ubangiji ne ya aiko, sai ya ce a jira shi ya toshe ya dawo. Na san abina." Ta numfasa. "Amma da kin faɗa Asabar, da bai huda ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta karɓi kundin daga hannuna, ta kai wa Ignat, ta ce ya tara mutane a shago ya gaya musu, don akwai masu shirin ƙetarawa duba taru ranar Alhamis, su ma suna ƙirga tara. Ignat ya zo da kansa ya ce in nuna masa. Ya bi lambobin da yatsa, leɓensa na motsi. Bai yi zancen akuya ba. Ya ce, "Shekarar kwana huɗun nan, ni ne na faɗa ruwa. Muka ce giya ce."

Tun daga lokacin Inna tana min magana, tana zuba min miya, tana cewa in sa hula in zan fita. Ba ta dai kallon idona. Ina rubuta wannan ne don hannuna ya sami abin yi, kuma don ban san wanda zai faɗi yadda mutumin yake ba in ba ni ba. Na lura sau biyu na rubuta "ya kasance", kamar ana zancen mamaci, na soke.

An rataya guntun ƙarfen layin dogo a bakin tafki. Kowace awa wani ya buga sau uku ko Kawu zai ji ya amsa, kowa ya yi tsit a saurara. Jiya da yamma Ignat ya rantse ya ji sara, kamar gatari a kan icce, can nesa. Sauran suka ce ƙanƙara ce ke tsagewa, tana yin haka. Ni na ji wani abu, ban san mene ne ba.

Yau Alhamis. Da ƙarfe tara aka bugo daga gunduma, an ce in hazon ya ɗaga bayan azahar jirgi mai saukar ungulu zai tashi, in bai ɗaga ba sai gobe. Yanzu sha ɗaya da rabi. Bai ɗaga ba. Har yanzu ba mu san ko ya isa tsibirin ba.